Wakanda Ta Biyo Ta Sambisa: Siyasar da ke Cikin Finafinan Jaruman Amurka

Kwamfutar na kan turmin da aka kife a tsakar gida, ni da 'ya'yan yayata biyu muna kan tabarma, fim ɗin Black Panther bai yi nisa ba sai ga rubutu ya bayyana a kan allo: Dajin Sambisa, Najeriya. Ƙaramin ya dafa gwiwata ya ce, "Kawu, Sambisa fa!" Ayarin motoci cikin dare, 'yan bindiga, mata da lulluɓi an cusa su a bayan babbar mota. T'Challa, sarkin Wakanda, ƙasar Afirka ta almara da ke cikin fim ɗin, ya diro daga jirgi cikin baƙar rigarsa, kafin ka ce kwabo ya watsa su. Ɗaya daga cikin 'yan bindigar ya cafke wata mata, ya ɗora mata bindiga, ya rantse da "Wallahi" cewa zai harbe ta. Yaran suka fashe da dariya don sun ji kalmar gida a bakin Hollywood. Ni dariyar ta ƙi zuwa.

An fara nuna fim ɗin a sinimomin Amurka ranar 16 ga Fabrairun 2018. Kwana uku bayan nan, ranar 19 ga wata, aka kwashe 'yan mata 110 daga makarantarsu a Dapchi ta jihar Yobe. Na Chibok kuwa, su 276, tun Afrilun 2014 ake jimaminsu. Kuma idan ka kula da labarin, sarkin ma ba ceton matan ne ya kawo shi dajin ba. Tsohuwar budurwarsa Nakia ya zo ɗauka, wadda ta ɓad da kama ta shiga cikinsu, don ta halarci bikin naɗinsa. Ceton ya zo ne a matsayin gyara, irin wadda mai awo kan ƙara maka bayan ta cika kwano.

Daga wannan 'yan mintoci za ka iya fahimtar rigimar da Amurkawa suka shafe shekaru suna yi a kan irin waɗannan finafinai na jarumai masu ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam. Masu ra'ayin riƙau suna cewa kamfanonin Marvel da DC sun lalata musu nishaɗi, sun mayar da shi wa'azi, an cusa baƙar fata da mata da baƙin haure ta ƙarfi da yaji. Masu sassaucin ra'ayi kuma suna cewa ai tuntuni ya kamata a dama da kowa, kuma duk fim ɗin da aka ba wa baƙi ko mace jagorancinsa nasara ce ga adalci. Ni dai a ganina kowannensu ya riƙe jela ya bar kai.

Mu fara da masu cewa an shigo da siyasa inda babu ita. Waɗannan jarumai daga mujallun zane suka fito, kuma da siyasarsu aka haife su. Superman ya bayyana a 1938, ƙirƙirar wasu samari biyu, Jerry Siegel da Joe Shuster, 'ya'yan Yahudawan da suka yi ƙaura daga Turai. Labarinsa kansa labarin baƙo ne: jariri daga wata duniya da ta halaka, manoma suka tsince shi suka raine shi. Fitowar farko ta Captain America mai ɗauke da kwanan watan Maris 1941, hoton bangonta jarumin ne yana naushin Hitler a muƙamuƙi, alhali Amurka ba ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu ba sai a Disambar wannan shekara, kuma a lokacin akwai Amurkawa da yawa da ba sa son a shiga. Wannan ba nishaɗi zalla ba ne, kira ne a fito yaƙi. X-Men sun zo a 1963, shekarar da Martin Luther King ya jagoranci gagarumin tattakin nan zuwa Washington, kuma labarinsu na mutanen da ake tsangwama ne saboda yadda aka halicce su. Shi kansa Black Panther ya fara fitowa a Yulin 1966, watanni kaɗan kafin Huey Newton da Bobby Seale su kafa jam'iyyar baƙaƙen fata mai wannan suna a birnin Oakland. Don haka wanda ya ce a da babu siyasa, abin da yake nufi shi ne siyasar da ke ciki a da ba ta taka masa ƙafa ba.

To amma su ma masu murnar an dama da kowa, ya kamata su tambayi yadda aka yi aka fara damawar. Disney ta sayi Marvel a 2009 a kan kusan dala biliyan 4. Finafinai goma sha bakwai aka jera a silsilar Marvel tun daga Iron Man na 2008, babu ko ɗaya da baƙar fata ya jagoranta, babu wanda mace ta ja ita kaɗai. A 2014 aka yi wa kamfanin Sony kutse aka bankaɗo wasiƙun manyan harkar, a ciki har da ta shugaban Marvel na lokacin, Ike Perlmutter, inda ya lissafo finafinan jarumai mata da suka faɗi a kasuwa. Shugaban Disney na lokacin, Bob Iger, ya faɗa a littafin tarihin aikinsa cewa sai da ya sa baki da kansa kafin a bar Black Panther da Captain Marvel su samu shiga. Hujjar masu hanawa ita ce kuɗi: wai fim ɗin baƙaƙe ba ya sayuwa a ƙetare. Abin mamaki, ɗan wasa baƙar fata Wesley Snipes ya riga ya ƙaryata wannan tun 1998 da fim ɗin Blade, amma aka yi kamar ba a gani ba.

Da Black Panther ya fito sai ya tara sama da dala biliyan 1.3. Ya zama fim ɗin jarumai na farko da ya shiga takarar gwarzon fim a Oscar, ya kuma ci kyautuka uku, biyu daga ciki mata baƙar fata ne suka ɗauka, Ruth Carter a tufafi da Hannah Beachler a tsara wuraren wasa. Shi ne ma fim ɗin da Saudiyya ta buɗe sinimarta da shi a Riyadh cikin Afrilun 2018, bayan shekara 35 a rufe. Captain Marvel ya biyo baya a 2019, shi ma ya haura biliyan ɗaya. Nan take kamfanonin da suka yi shekaru suna ja da baya suka zama limaman wakilci. Kasuwa ce ta yi kira suka amsa.

Ban faɗi haka don in rage wa abin daraja ba. Duk wanda ya ga yadda yaro baƙi ke kallon allo ya ga sarki mai irin fatarsa, ƙanwarsa ita ce gwanar kimiyya, dakarunsa mata ne masu aske da māsu, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne, musamman ga wanda ya tashi yana ganin Afirka a fim a matsayin daji da yunwa da ƙuda. Harshen Wakanda harshen Xhosa ne na Afirka ta Kudu, muryar Baaba Maal na Senegal ce ke tashi idan an nuno ƙasar. Sai dai ɗan Afirka zai lura da abin da Ba'amurke ba zai lura da shi ba: an haɗa rawanin Buzaye da bargon mutanen Lesotho da hular matan Zulu da jan kayan Masai da faifan leɓen Mursi na Habasha, duk a ƙasa guda mai faɗin tafin hannu. Kamar ka dafa tuwon shinkafa da sakwara da injera a tukunya ɗaya ka ce ga abincin Afirka. Wakanda mafarkin jikokin bayi ne game da gidan da aka raba su da shi, kuma suna da haƙƙin yin mafarkinsu. Daraktan, Ryan Coogler, ɗan Oakland ne, a Oakland ya buɗe labarin, a can ya rufe shi. Mu da muke zaune a gidan, bango aka yi da mu.

Inda siyasar ta fi kauri shi ne wajen bos. Duk yaron da ya taɓa zama a gidan kallo ya san doka biyu: akta ba ya mutuwa, bos ba ya da gaskiya. Black Panther ya karya ta biyun, na ɗan lokaci. Killmonger, ɗan ƙanin tsohon sarki da aka yasar a Amurka, ya fara bayyana ne a wani gidan tarihi a Landan, yana tsaye gaban kayan Afirka da ke cikin gilashi. Da ma'aikaciyar wurin ta ce masa ba na sayarwa ba ne, sai ya tambaye ta yadda kakanninta suka same su, ko saye suka yi. Wannan tambaya ba almara ba ce. A 1897 sojojin Birtaniya suka ƙone birnin Benin suka kwashi dubban kayan tagulla da hauren giwa, kuma har yau da yawansu na gidan tarihin Birtaniya. Jamus ta mayar wa Najeriya da wasu a Disambar 2022. Ƙorafinsa na biyu ya fi zafi: ina Wakanda take, da duk ƙarfinta da arzikinta, lokacin da ake loda 'yan'uwanta a jiragen ruwa, lokacin da Turawa ke yanka nahiyar kamar naman layya? Babu wanda ya iya ba shi amsa a fadar. Sarki T'Challa ma da ya sadu da magabatansa a duniyar ruhohi, ce musu ya yi sun yi kuskure.

To me marubuta za su yi da bos mai gaskiya? Sai su sa shi ya harbe budurwarsa ba ko ƙifta ido, ya shaƙe tsohuwa, ya ƙone gonar tsiron da ke ba sarakuna ƙarfi, ya ce zai raba makamai a Landan da New York da Hong Kong a kashe har da yara. Kafin a kai ƙarshe ka riga ka amince a kashe shi, kuma ƙorafin nasa ya bi shi kabari. Wannan dabara ba a kansa aka fara ba. Magneto na X-Men, wanda fim ɗin shekarar 2000 ya buɗe da shi yana yaro a sansanin gwale-gwalen Nazi, ya san abin da mutane kan yi wa waɗanda suka tsana, amma kullum sai an kai shi ga yunƙurin kisan kiyashi. A shirin The Falcon and the Winter Soldier na 2021, ƙungiyar da ke fafutukar 'yan gudun hijira tana da hujja mai ƙarfi, har zuwa ranar da shugabarta ta tayar da bam a gini da mutane a ciki. Ana ba mai neman sauyi dama ya faɗi gaskiya, sannan a shafa masa jini a hannu, domin jarumi ya samu dalilin mayar da komai yadda yake.

Kuma dubi wanda ya taya sarki. Everett Ross, jami'in hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA, shi ne ya tuƙa jirgin da ya kakkaɓo makaman Killmonger. Hukumar da majalisar dattawan Amurka da kanta ta tabbatar a 1975 cewa ta kitsa makircin kashe Patrice Lumumba na Kongo, ita ce aka mayar aminiyar wata ƙasar Afirka mai ma'adinin da duniya ke kwaɗayi. Wanda ya san cewa yuraniyom ɗin bam ɗin Hiroshima akasarinsa daga mahaƙar Shinkolobwe ta Kongo ya fito, ko ya san yadda aka shafe sama da shekara hamsin ana haƙar na Arlit a Nijar ana haska biranen Faransa alhali ƙauyukan da ke kewaye na cikin duhu, dole ya yi murmushin takaici. Maganin da fim ɗin ya kawo a ƙarshe shi ne sarki ya sayi ginin unguwar talakawa a Oakland ya buɗe cibiyar tallafi, ya kuma je Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi jawabi. An fara da maganar bauta da mulkin mallaka, an ƙare da ƙungiyar agaji.

Me ya sa kullum nan ake tsayawa? Saboda fim ɗin da ya ci dala miliyan 200 hannaye da yawa ne a kan alƙalaminsa. Na farko Ma'aikatar Tsaron Amurka. Tana da ofishin da ke ba masu fim aron jiragen yaƙi da sansanoni da sojoji, da sharaɗin ta karanta labarin tukuna. An ɗauki wani ɓangare na Iron Man a sansanin sojin sama na Edwards. Captain Marvel kuwa, wanda aka yi ta yabo a matsayin nasarar mata, rundunar sojin saman ta yi aiki da shi kafaɗa da kafaɗa, har ta saki tallar ɗaukar mata matuƙa jirgin yaƙi a daidai lokacin fitowarsa. Da aka zo The Avengers na 2012 ma'aikatar ta janye, don ba ta gane wa ƙungiyar jaruman ke yi wa biyayya ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wannan bai hana a taɓa gwamnati ba lokaci zuwa lokaci. Captain America: The Winter Soldier na 2014, shekara guda bayan tonon sililin da Edward Snowden ya yi wa leƙen asirin gwamnatin Amurka, ya yi magana a kan leƙen asirin jama'a da jerin sunayen waɗanda za a kashe daga sama. Amma da aka bincika sai aka ce ai ragowar 'yan Nazi ne suka kutsa cikin hukumar tsaron da ke cikin labarin. Ba a mugun sarki sai mugun bafade.

Hannu na biyu kasuwar Sin. A mujallun Doctor Strange, malamin jarumin tsoho ne ɗan Tibet. A fim ɗin 2016 sai aka mayar da shi Baturiya, Tilda Swinton, aka kuma kai makarantar Nepal. Ɗaya daga cikin marubutan ya fito ya faɗa cewa ambaton Tibet na iya jawo fushin gwamnatin Beijing a rasa masu kallo masu ɗimbin yawa. Kamfanin ya ce gudun nuna tsohon ɗan Asiya mai siddabaru yake yi, don abin ya zama raini, sai ga shi an zarge shi da share ɗan Asiya gaba ɗaya. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Duk da wannan lallashi, Shang-Chi na 2021, wanda aka yi da jarumi mai asalin Sin, bai samu izinin shiga sinimomin ƙasar ba.

Sai ƙasashen Musulmi, inda maganar ta fi kusa da mu. A Amurka kalmar damawa da kowa dami guda ce: launin fata, jinsi, addini, da masu auren jinsi, duk a ɗaure da igiya ɗaya. A Kano ko Zinder ko Jidda mai kallo zai yi maraba da ukun farko ya juya wa na huɗun baya, kuma ba ya ganin wani tufka da warwara a hakan. Saudiyya da Kuwait da Qatar ba su nuna Eternals na 2021 ba saboda ɗaya daga cikin jaruman namiji ne mai miji. Labanan ta hana Wonder Woman a 2017 saboda wani dalili daban: jarumar, Gal Gadot, ta yi aikin sojan Isra'ila. Wato fim ɗin da Ba'amurkiya ke kallo tana ganin 'yancin mata, Balabaniya na kallonsa tana ganin kakin sojan da ya yi wa ƙauyensu ruwan bama-bamai a 2006.

Hoton Musulmi kansa ya yi tafiya. A Iron Man, masu gemu ne a kogon Afghanistan, ko da yake a ƙarshe an gano wani attajirin Ba'amurke mai sayar da makamai ne ya ɗauki nauyinsu. Shekara goma sha huɗu bayan nan aka kawo Ms. Marvel a Disney+, yarinya Kamala Khan 'yar asalin Pakistan, ana nuna ta a masallaci tana ƙorafin ɓangaren mata ya lalace, ana bikin Sallah, ana ba da labarin rabuwar Indiya da Pakistan ta 1947. An sa Musulmai cikin marubuta da daraktoci, kuma bambancin ya fito fili. Wannan shi ne wakilcin da ya wuce fuska. Amma fim ɗin da ya kai ta sinima, The Marvels na 2023, mai jarumai mata uku da darakta baƙar fata, bai wuce kusan dala miliyan 206 ba, mafi ƙanƙanta a tarihin silsilar. Masu adawa suka buga ganga: ga sakamakon wa'azi. Suka manta cewa a shekarar nan The Flash ya yi mummunar faɗuwa, Ant-Man na uku ma bai kai inda aka sa rai ba, kuma dukansu farar fata maza ne ke ja. Mutane ne suka gaji da tuwo iri ɗaya sau uku a rana. Duk da haka kafin shekarar ta ƙare Bob Iger, mutumin da ya yi alfaharin buɗe wa Black Panther ƙofa, ya fito yana cewa aikinsu nishaɗantarwa ne da farko, ba isar da saƙo ba. Iskar kasuwa ta juya, liman ya juya da ita. A 2025 ma da darakta James Gunn ya ce sabon Superman ɗinsa labarin baƙon haure ne, abin da yake haka tun 1938, sai da aka yi kwanaki ana caccakarsa a tashoshin masu ra'ayin riƙau.

Akwai wuri guda da aka bar gaskiyar yankinmu ta fito ba tare da an shafa mata jini ba. A Wakanda Forever, wanda ya fito a Nuwambar 2022 bayan rasuwar Chadwick Boseman da ya fito a matsayin T'Challa, an nuna sojojin haya masu magana da Faransanci sun kai hari wata cibiyar Wakanda a Ansongo ta Mali don satar ma'adinin. Dakarun mata suka kama su, suka shigo da su zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a ɗaure, suka durƙusar da su gaban wakiliyar Faransa. Watanni uku kacal kafin nan sojojin Faransa na ƙarshe na rundunar Barkhane suka fice daga Mali. Ministan tsaron Faransa na lokacin, Sébastien Lecornu, ya fito a Fabrairun 2023 ya yi Allah wadai da yadda aka nuna sojojin ƙasarsa. Na sake kallon wurin nan da yaran, babban ya miƙe yana tafi. Faransa ce dai aka durƙusar, ba ta da ofishin da ke karanta labarin Hollywood kafin a ɗauka, ba ta kuma ba da aron jirgi ba. Shi kuwa Everett Ross na CIA, a ƙarshen wannan fim ɗin ma gwamnatinsa ta kama shi saboda ya taimaki Wakanda, kuma jarumar Wakanda ce ta tare motar fursuna ta fasa ta fito da shi.